Stihl ko Husqvarna? Amsa ga masu neman injin yankan itace

Assalamu alaikum manoma. Tun da aka gama tattara amfanin gona aka koma gyaran lambu, yawancin wasiƙun da ke zuwa mini a kan injin yankan itace suke.

Wani dattijo daga Wamakko ya rubuto cewa yana da lambun mangwaro da ya tsufa, ga dogon yaro ya kewaye shi har ya rufe masa hanya. Ya sayar da albasa, yana so ya sayi inji. Abokinsa ya ce ya sayi Stihl MS 661, surukinsa ya ce babu kamar Husqvarna 395 XP, shi kuma tsoronsa kada kuɗin albasa su tafi a banza. Wanne ya fi ƙarfi?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. A takardun kamfanonin, MS 661 yana da cc 91.1 (wato girman cikin inji) da ƙarfin kilowat 5.4, nauyinsa kilo 7.4 in ba a sa sarƙa da ƙarfenta ba. Shi kuwa 395 XP cc 93.6 ne, kilowat 4.9, nauyi kilo 7.9. A nan abokinka ya yi gaskiya. Amma Husqvarna ta fito da 592 XP mai kilowat 5.6, ka ga surukinka ma ya samu abin faɗa. Haka suke tsere da juna shekara da shekaru, Stihl daga Jamus tun 1926, Husqvarna daga Suwidin da ta fara injin yankan itace a 1959. Yau wannan ya wuce, gobe wancan ya kamo shi.

Kai dai ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Injin cc 90 na mai kayar da manyan itatuwa ne kullum, yana tsaga katako. Aikin lambu irin naka, Stihl MS 382 ko Husqvarna 372 XP ya ishe ka har ya yi saura. Dukansu cc 70 da ɗoriya ne, ƙarfinsu yana wajen kilowat 4, nauyinsu kilo shida da 'yan kai. Ka zagaya wurin masu gyara a cikin garin Sakkwato ka tambaya, fistin da ringi da kafireta na wanne ake samu a ranar da aka nema. Wanda suka ce maka, shi za ka saya. Injin da ke kwance wata biyu yana jiran kayan gyara daga Legas, ƙarfin da aka rubuta a kwalinsa bai amfane ka da komai ba.

Na san za a tambaye ni Stihl 070, don shi aka fi sani a ƙasar nan. Cikinsa ya fi na duk waɗanda na ambata girma, cc 105.7, amma ƙarfinsa kilowat 4.8 ne, nauyinsa kuma ya haura kilo 10. Ba ya gudu sosai, sai dai ba ya saurin shaƙewa in an sa masa dogon ƙarfe a cikin babban gungume, shi ya sa masu tsaga katako ba sa rabuwa da shi. Mai sassaƙe reshen mangwaro ba shi da haɗi da wannan nauyi.

Wani matashi daga Kware ya ce ya sayi sabon inji mai suna, kwana uku ya yi yana yanka kamar wuƙa a kabewa, a na huɗu ya koma sai ya danna da ƙirji, ga hayaƙi yana tashi daga bakin yankan. Yana ganin an cuce shi, zai mayar ya karɓo na ɗaya kamfanin.

Ɗana, kada ka mayar da komai. Ban ga itacen da ka yanka ba, amma na yi imani akwai gara a jikinsa. Wannan magana na sha faɗinta, kuma zan ci gaba da faɗa har a ji.

Gara ba ta tafiya a fili. Ƙasa take ɗebowa ta gina rufi a jikin bawo, ta bi ta ƙarƙashinsa. In ta samu tsohon mangwaro da cikinsa ya fara ruɓewa, sai ta ci ta maye gurbin da ƙasa. Daga waje ka ga itace lafiya lau, ciki kuwa rairayi ne cunkus. Ga iskar hunturu da ke cusa ƙura a tsagar bawon dogon yaro da bagaruwa. Haƙorin sarƙa kuma a kan ɗan siririn baki yake aiki, in ya bi ta cikin rairayi na ɗan lokaci kaɗan ya dakushe. Daga nan ko kilowat goma gare ka, gugar itacen kawai kake yi, kana ƙona mai, kana zafafa ƙarfe. Na taɓa tsayawa a wani lambu a bakin gulbi, ƙaramin inji mai kaifin sarƙa ya gama gungume uku, babban da ke kusa da shi bai fita daga na farko ba. Da na duƙa na duba abin da babban yake zubarwa, gari ne laushi kamar na tuwo.

Alamar ke nan da za ka riƙe. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace. Da ka ga gari, tsaya.

Kafin ka tayar da inji, ɗauki gatari ko adda ka kankare bawon da ginin gara a zagayen wurin da za ka yanka. Ƙwanƙwasa gindin, in ya yi amon ganga akwai rami, sai ka matsa sama inda yake da ƙwari. Kada bakin ƙarfe ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya; ɗora gungumen a kan wani kafin ka gutsuttsura. Wajen sayen sarƙa kuma, nemi mai haƙori da kusurwarsa ta ɗan lanƙwasa, wadda Stihl ke sa wa alamar RM, maimakon mai kusurwa tsaye, RS. Mai tsayen ta fi sauri a itace mai tsabta, amma a irin ƙasarmu mai lanƙwasar ta fi daɗewa da kaifi. Magagari ya zauna a aljihunka: mai kaurin milimita 5.2 ga sarƙar Stihl mai lambar girma 3/8, milimita 5.5 ga mai .404 irin ta 070. Duk lokacin da ka tsaya zuba mai, bi kowane haƙori sau biyu ko uku, a karkace digiri 30, kuma adadin ya zama ɗaya a kowane ɓangare, in ba haka ba yankan zai riƙa karkata. Mai tsaga katako a tsaye, shi digiri 10 yake bukata.

Sai filta. Wancan kilowat da ke takarda, da filta mai tsabta da mai mai kyau aka auna shi. A watan Janairu a Sakkwato, filta na iya toshewa kafin azahar. Buɗe ta kullum ka kakkaɓe, in ta yage ka canza, don ƙurar da ta wuce ciki fistin take ci. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, share tsagogin jikin silinda inda iska ke bi, ka yi aikinka da sassafe.

Daga Goronyo: "Zan iya zuba baƙin man da aka juye daga injin ban-ruwa a tankin man sarƙa?" A'a, malam. Cike yake da garin ƙarfe, zai cinye maka famfon mai da ƙarfen sarƙa, ya kuma watsu a lambunka.

Daga Bodinga wani yana tambayar awon haɗin mai. In man 2T na kamfanin ne, kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. A auna, a daina zubawa da ido. Haɗin da ya wuce wata guda a jarka kada a zuba shi.

Wata baiwar Allah daga Tambuwal ta ce an yi wa mai gidanta tayin 070 sabo fil a kwali, a kuɗin da bai kai rabin wanda aka sani ba. Hajiya, ki ce masa ya riƙe kuɗinsa. Jabu ya cika kasuwa, fenti da suna duk an kwaikwaya. Irinsu ne ke sa a ce wani kamfani ba shi da ƙarfi, alhali abin bai taɓa bi ta ƙofar kamfanin ba. Ya sayi inda za a ba shi rasit da lambar inji. Kuma duk wanda zai saya, ya gwada birkin sarƙa a gaban mai kanti. Saman bakin ƙarfen in ya taɓa reshe, inji yakan yi tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido, birkin nan shi ke tsayar da sarƙar. Kada a ɗaga inji sama da kafaɗa, kada a hau bishiya da shi ana riƙe da hannu ɗaya.

Wani daga Dange ya sare dogon yaro, kututturen ya tofo, an ce ya sayi wani magani mai tsada ya shafa. Haba malam, kuɗin taki za ka zuba wa kututture? In ba ya tare maka hanya, bar tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka cire sauran, za su ba ka sandunan rumfa. In kuwa so kake ya mutu, riƙa karye tofon da zarar ya fito, zai gaji, sannan ka tone.

Wasiƙar ƙarshe daga Gwadabawa take: gawo biyar ne a gonar gero, wane inji zai kayar da su a yini ɗaya? Ɗan'uwa, ba zan ba ka sunan inji ba, roƙonka zan yi. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma taki ne. Da rani dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa, su bar maka kashi. Je ka duba zangarniyar gindinsa ka gwada da ta tsakiyar gona. Jiharmu tana cikin jihohi 11 da ake aikin shingen bishiyoyi don tare hamada, ga ku can kusa da iyaka inda rairayi ke matsowa. In wani reshe ne ya bushe ko kauci ya kama shi, yanke shi daga ƙasan inda kaucin ya kafu, ƙaramin zarto na hannu ma ya isa. In kuma akwai wanda ya mutu a tsaye, fara zuwa wurin jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma kafin ka taɓa shi.