Me ake yankewa idan aka mayar da littafin almara fim?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai karanta littattafan almara ne, irin masu matsafa da dodanni da ƙasashen da babu su a duniya. Duk lokacin da aka mayar da ɗaya fim, sai in tarar an zubar da rabin labarin, har da mutanen da na fi so. Shin masu fim ba sa karanta littafin ne, ko akwai ƙa'idar da suke bi? Kuma me ya sa wani yankan ba ya damuna, wani kuwa sai ya ɓata mini fim ɗin baki ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Suna karantawa, sau da yawa ma fiye da mai karatu don nishaɗi, domin su da alƙalami a hannu suke bi. Lissafi ne ke tilasta musu yanka. A sana'ar rubutun fim, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo. Fim mai sa'o'i biyu ke nan shafi 120, wanda yawanci bai wuce kalmomi 20,000 zuwa 25,000 ba. Littafin Harry Potter na biyar kuwa ya haura kalmomi 250,000, shafi 766 a bugun Ingila, kuma mai karanta shi da murya yana buƙatar fiye da sa'o'i 25. Fim ɗinsa na 2007 minti 138 ne. Kyamara tana rage wani nauyin, tunda birnin da marubuci ya ci shafi uku yana siffantawa sai a nuna shi a daƙiƙa biyar, amma duk da haka mafi yawan abin da ke cikin littafin ba shi da wurin zama.

Ga yadda ake yi a aikace. Marubucin fim kan rubuta kowace fitowa ta littafin a kati guda, ya jera su a bango ko a tebur. Sai a tsayar da kashin bayan labarin a jimla ɗaya: wane ne yake son me, mene ne ya tare masa hanya. Daga nan a riƙa zare kati ɗaya ɗaya ana duba abin da ke biye da shi. Idan aka zare kati, na gaba ya tsaya da ƙafarsa, to wannan katin ya tafi, komai daɗinsa. Son da masu karatu suke yi wa mutum ba ya cetonsa a wannan tebur.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Tom Bombadil a The Lord of the Rings na Tolkien. A littafin, wanda ya fito a 1954 da 1955, babi uku ne suka rataya a kansa: tsohon daji, gidansa, da tuddan kaburbura. Daraktan finafinan uku da aka yi daga littafin, Peter Jackson, da abokan rubutunsa, Fran Walsh da Philippa Boyens, sun ɗauki tafiyar Frodo, jarumin labarin, da zoben sihirin da zai je ya hallaka a matsayin kashin baya, kuma Frodo yana shiga gidan Bombadil ya fito labarin zoben bai motsa ba. Akwai ma dalili mafi ƙarfi. Bombadil yana sa zoben a yatsa bai ɓace ba, alhali zoben yana ɓatar da mai sa shi daga gani, yana wasa da shi kamar ba komai. A takarda wannan abin mamaki ne da ke ƙara wa duniyar zurfi. A fim kuwa, inda aka shafe minti arba'in ana cusa wa mai kallo tsoron zoben, mutum guda da zai raina shi ya isa ya rushe tsoron. A ganinmu wannan yankan daidai ne. Amma bai tafi kyauta ba. A tuddan kaburburan nan ne Merry, abokin tafiyar Frodo, ya samu wuƙar da aka ƙera tun zamanin dā musamman don yaƙar sarkin matsafan Angmar, kuma ita ce ta sa sukar da Merry ya yi wa sarkin ta yi tasiri a babban yaƙi can gaba. A fim, Aragorn, jagoran tafiyarsu, ne kawai ya miƙa musu takubba a ƙunshe, sai sukar ta zama sa'a da jarumta, dalilin ya ɓace.

Bayan irin wannan ratse, lokaci ne ke shan wuƙa. Tsakanin bikin Bilbo, wanda ya bar wa Frodo zoben, da fitar Frodo daga gida shekara 17 ne a littafi. A fim sai ka ɗauka 'yan makonni ne, domin mai kallo ba zai yarda da haɗarin da ya iya jira shekara 17 ba.

Sai mutane. Mai karatu yana iya komawa baya ya duba wane ne wane, mai zaune a sinima ba shi da wannan damar, don haka ake haɗe ayyukan mutum biyu ko uku a wuyan fuska ɗaya. Glorfindel ne ya zo ya taimaki Frodo a hanyar Rivendell, ya ɗora shi a kan dokinsa. Fim ya ba Arwen wannan aikin, saboda ita za ta auri Aragorn a ƙarshe kuma ana son a san ta tun da wuri, shi kuwa Glorfindel ba ya sake yin wani babban aiki. Haka a Harry Potter na huɗu: Dobby, wata ƙaramar halitta mai bautar gida, ne ya kawo ciyawar da ke sa numfashi a ƙarƙashin ruwa, fim ya ba Neville, ɗan ajin Harry.

A nan kuɗi ya shigo, kuma shi ne abin da ya bambanta almara da sauran labarai. Dobby ba ɗan wasa ba ne da za a kira a sa masa riga. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, wato hoto 1,440 a minti ɗaya, kuma halittar kwamfuta sai an motsa ta, an haskaka ta, an daidaita inuwarta da idon ɗan wasan da ke kallonta a duk waɗannan hotunan. Neville kuwa yana nan a wurin ɗauka, an riga an biya shi. Shi ya sa Dobby, wanda ke cikin littattafai biyar, ya fito a finafinai biyu kacal, kuma Winky, wadda irin halittarsa ce, ba ta fito ko sau ɗaya ba, ita da duk gwagwarmayar Hermione, ƙawar Harry, ta neman 'yancin waɗannan bayin gida. Marubuci yana iya rubuta "dakaru dubu goma suka fito" da kuɗin tawada. Furodusa sai ya tambaya ko dakarun nan dole ne.

Tarihi da waƙoƙi da tunanin zuci su ma ba sa daɗewa. Marubutan almara suna gina duniya da zuriyar sarakuna, da dokokin tsafi, da baitoci. Taron Elrond, inda aka yanke shawarar abin da za a yi da zoben, yana cikin babi mafi tsawo a littafin Tolkien, kusan duk magana ce, mutane zaune suna ba da labarin abin da ya wuce. Fim ya kwashe babban ɓangaren tarihin ya kai farko, muryar Galadriel tana faɗa hotuna suna nunawa, ya bar taron da gardama ta 'yan mintoci. Tunanin zuci kuwa kyamara ba ta ganinsa. Dole a mayar da shi kallo, ko aiki, ko magana da wani, kuma abin da ya ƙi mayuwa sai a bar shi.

Yanka ba a rubutu kaɗai yake faruwa ba. Ana yi a wurin ɗauka idan kwanaki suka ƙure, musamman da yara, tunda doka ta ƙayyade sa'o'in aikinsu a rana. Ana kuma yi a ɗakin tacewa bayan an kashe kuɗin. An ɗauki Rik Mayall yana fitowa a matsayin Peeves, fatalwar nan mai tsokana, a Harry Potter na farko, aka cire shi gaba ɗaya. An ɗauki mutuwar mugun matsafin nan Saruman tare da Christopher Lee, aka cire ta daga fim na uku na The Lord of the Rings da aka nuna a sinima a 2003, sai a dogon bugu ta dawo. Wanda ya kalli na sinima kaɗai bai ga ƙarshen babban mugun fim na biyu ba. The Golden Compass na 2007 ya fi muni: an ɗauki ƙarshen littafin, inda yaron nan Roger ke mutuwa, aka cire don fim ya ƙare da daɗi, da niyyar a buɗe na biyu da shi. Na biyun bai zo ba. A fim ɗin nan kuma an sassauta sukar hukumar addini da ke cikin littafin, wanda wani nau'in yanka ne daban, na gudun ɓata wa masu sayen tikiti rai. Haka ake rage jini da azaba don fim ya samu izinin kallon matasa.

Yanzu ga sashe na biyu na tambayarka, wanda ya fi muhimmanci. Labari kamar saƙa yake: wani zaren a gefe yake, ka cire shi ba abin da zai faru, wani kuwa ka ja shi a nan, can gaba ne zai warware. Yankan da ke ɓata fim shi ne wanda ya cire dalili ya bar sakamako. A littafin Harry Potter na biyar, Sirius, aminin mahaifin Harry, ya ba Harry madubin da za su riƙa ganawa da shi. Harry bai buɗe ƙunshin ba sai bayan mutuwar Sirius, ya gane cewa hanyar tabbatar da lafiyarsa tana cikin akwatinsa tun farko. Fim na biyar ya cire madubin. Sai ga Harry a fim na 2010 riƙe da ɓallin madubi, ba wanda ya faɗa wa mai kallo daga ina ya fito, alhali ta cikinsa taimako zai zo. Haka fim na uku, na 2004, ya nuna taswirar sihiri da sunayen laƙabi huɗu a kanta, bai bayyana cewa mahaifin Harry da abokansa ne suka yi ta ba, bai kuma faɗi abin da ya haɗa barewar hasken da Harry ya kira da mahaifinsa ba. Jimla uku sun isa su gyara wannan, kuma a nan muna ganin masu fim sun yi sake.

Wani lokacin laifin na rashin sanin gaba ne. Ana ɗaukar fim na biyar littafi na bakwai bai fito ba. An yi niyyar cire Kreacher, wani bawan gida irin Dobby, sai marubuciyar littafin, J. K. Rowling, ta gargaɗe su cewa za su ɗaure kansu idan suka zo na ƙarshe, aka bar shi.

Akwai kuma yankan da bai karya labari ba amma ya canza ma'anarsa, kuma shi ne mafi wuyar hukunci. A littafin Tolkien, bayan an hallaka zobe, Frodo da abokansa sun koma gida suka tarar an sare itatuwa, an kafa dokoki da 'yan sanda, Saruman ya mamaye ƙasarsu da wani suna. Su da kansu, ba matsafi ba sarki, suka tayar da jama'a suka ƙwato ta. Fim ya cire wannan, sai ɗan abin da Frodo ya hango a madubin Galadriel. Dalilin a fili yake: fim na uku minti 201 ne, an riga an kai ƙololuwa, ba za a ce wa mutumin da ya zauna sa'o'i uku ga sabon yaƙi ba. Mun yarda da dalilin, amma asarar babba ce. Littafin yana cewa yaƙi ba ya barin gidan kowa, kuma tafiyar ta koya wa ƙananan mutanen nan tsayawa da kansu. Fim ya mayar da su gidan da ba abin da ya taɓa shi. Wanda ya ji zafin wannan yankan yana da gaskiya, ko da bai iya nuna ramin da ya bari ba.

Idan kana son ganin abin da aka zubar, nemi dogon bugu in akwai: fim na farko na Jackson minti 178 ne a sinima, 208 a dogon bugu, sai dai Bombadil ba ya ciki ko a can, domin ba a taɓa ɗaukarsa ba. Shirin talabijin mai zango zango yana ba da fili fiye da haka, kuma raba littafi gida biyu, kamar yadda aka yi wa Harry Potter na ƙarshe a 2010 da 2011, yana taimakawa idan littafin yana da kayan cika biyun. Idan babu, sai matsalar ta juye. The Hobbit, ɗan littafin Tolkien na 1937 mai shafi kusan 300, an miƙa shi finafinai uku daga 2012 zuwa 2014, kusan sa'o'i 8, har sai da aka ƙirƙiro Tauriel da labarin soyayyar da Tolkien bai rubuta ba, aka kuma tsawaita yaƙin da littafin ya taƙaita a 'yan shafuka ya cinye babban ɓangaren fim na uku.