An samu toksoplasma a jinina lokacin awon ciki: cutar nan ta yi yawa cikin mutane ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram, da cikin wata huɗu, na fari. Da na je awo aka ɗebi jinina, takarda ta fito da cewa ina da toksoplasma: IgG akwai, IgM babu. Surukata ta ce kyanwoyin gidanmu ne suka jawo, a kore su. Shin mutane da yawa ne ke da wannan abu? Kuma me zai samu ɗan da ke cikina?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalinki. A mafi yawan lokuta, sakamako irin naki yana nufin ƙwayar ta shiga jikinki tun da daɗewa, kafin cikin nan, jiki kuma ya riga ya gina garkuwa. IgG tabo ne na tsohon kamu, IgM kuwa shi ke tashi idan kamun sabo ne. Wannan garkuwa tana kare ɗan da ke ciki. Duk da haka ki mayar wa ungozoma ko likitan da ke duba ki takardar, su haɗa ta da watannin cikin, don su ne ke da ke a gabansu.

Batun yawa kuwa, toksoplasma tana cikin ƙwayoyin cutar da suka fi yaɗuwa a jikin ɗan Adam. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da ita, galibi ba tare da ya sani ba. Mai lafiya in ya kamu, ko dai bai ji komai ba, ko ya yi 'yar masassara da ciwon jiki da kaluluwa a wuya, a ɗauka zazzaɓin sauro ne, ya wuce. Daga nan ƙwayar ta kwanta cikin tsoka da ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki ta danne ta har ƙarshen rayuwa.

Amma ƙasa da ƙasa akwai bambanci mai girma. A Amurka kusan kashi 11 cikin 100 ne. A wasu sassan Birazil ya haura rabin jama'a. Faransa ce ta fi ba ni darasi: a shekarun 1960 kusan mata masu ciki 8 cikin 10 a birnin Paris suna da ita, saboda son naman da bai gama nuna ba. Zuwa 1995 ya sauko kashi 54, zuwa 2016 kusan kashi 31, domin yadda ake kiwo da ajiye nama cikin ƙanƙara ya canza. A nan gida, binciken da aka yi a Yamai a shekarun 1990 ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ƙwan ƙwayar yana son ƙasa mai laima da inuwa, inda zai iya kai fiye da shekara da ransa, zafin rana da bushewa irin namu kuwa suna kashe shi da wuri. Shi ya sa ƙasashen gaɓar teku masu ruwa suka fi Sahel yawanta.

Surukarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. An gano ƙwayar a 1908 a Tunis, inda Charles Nicolle da Louis Manceaux suka same ta a jikin wani ɗan ɓeran duwatsu, sai wajen 1970 aka tabbatar cewa cikin hanjin kyanwa da danginta kaɗai take yin ƙwai. Sai dai kyanwa tana zubar da ƙwan nan ne cikin kashinta na mako ɗaya zuwa uku kacal bayan ta kamu, yawanci tana ƙarama, kuma kashin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya iya harbin mutum. Shafa kyanwa ba ya sa cutar. Korar ta kuma ba ta tsabtace ƙasar da ta riga ta gurɓata, ballantana ta hana kyanwar maƙwabta tsallako katanga ta tona yashin tsakar gida.

Hanyar da na fi jin tsoro ita ce ta baki. Tunkiya da akuya suna kiwo inda kashin ya zuba, ƙwayar ta zauna cikin namansu. Ki duba tsire ko balangun da aka sauke da gaggawa, waje ya soyu, ki yanka ki ga tsakiya ja yana fitar da ruwa. Ko ranar Layya, mace ta yanka ɗanyen nama, ta ɗauki wuƙar nan ba a wanke ba ta yanka tumatir da albasa. Ga salati da karas na lambu lokacin sanyi da ake ɗauraye su sama-sama, ga ɗanyen nonon akuya, ga ruwan tafki. Ga kuma cin ƙasa da wasu masu ciki ke yi don kwaɗayi, wanda nake roƙon a daina shi ko ba don toksoplasma ba.

Wadda ya kamata ta fi kiyayewa ita ce mai cikin da gwajinta ya nuna babu IgG, domin ba ta da garkuwa. In ta kamu a farkon ciki, da wuya ƙwayar ta kai ga ɗan, amma in ta kai ɓarnar tana da girma: ɓari, taruwar ruwa a kai, ko lalacewar ido. A ƙarshen ciki ta fi saurin ƙetarawa, illar kuma ta fi sauƙi, ko da yake matsalar ido tana iya ɓullowa bayan shekaru. Akwai magani, irin su sipiramisin, kuma fara shi da wuri ya fi amfani. Haka ma mai cutar sida da garkuwarsa ta faɗi ƙasa sosai, tsohuwar ƙwayar tana iya farkawa ta taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba su maganin Bactrim don rigakafi.

Ke dai ki ci nama wanda ya nuna har ciki, ki wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama ko ƙasa, wani ya riƙa kwashe kashin kyanwa kullum kafin ya kwana. Ki gaya wa surukarki cikin ladabi cewa kyanwoyin za su iya zama, kuma in kina da ƙanwa ko kishiya mai sabon ciki, ki tura ta ta yi nata gwajin tun watan farko.