Amsa ga mai tambaya kan ƙarfen sabis da za a kafa a layinsu

Assalamu alaikum. Ƙanina na ga tambayarka tun jiya da daddare, kana cewa maƙwabcinku ya ba wani kamfani hayar kangonsa za su kafa ƙarfen sabis, har an fara sauke tsakuwa da rodi, mutanen layi hankalinsu ya tashi ana ta cewa yana kawo cutar kansa da ɓarin ciki, kana tambaya ko akwai hanyar da za ku hana, kuma wai zuwa wajen kansila yana da wani amfani kuwa. Na ga wasu sun ce maka ku tara matasa ku kori leburorin, wasu kuma sun ce ku haƙura tunda kamfani ya fi ƙarfinku. Ni ba zan ce maka ko ɗaya ba, don wannan abin ya taɓa faruwa da mu a unguwarmu nan Zariya, kuma ni ne na riƙa yawo da fayil ɗin maganar a hannu kusan shekara guda, don haka ka yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Mu ba a ma ba mu damar da kuka samu ba. Wayar gari kawai muka yi muka ga an haƙa rami a filin da yara ke buga ƙwallo bayan gidan wata dattijuwa, kafin mu gama tambayar juna mene ne wannan an zuba kankare, kafin sati uku ƙarfe ya miƙe sama. Abin da muka fara yi shi ne kuskuren da nake roƙonku kar ku maimaita. Mun zauna a ƙofar masallaci bayan isha'i muka rubuta takardar koke shafi biyu, daga sama har ƙasa maganar kansa ce da rashin haihuwa da ciwon kai, magidanta suka sa hannu, muka kai. Jami'in da ya karɓa ya karanta tsaf, ya ɗago kai ya ce Malam ina takardar likita ko ta awo da ke nuna haka? Ba mu da ita. Shi kenan magana ta kwanta, wata da watanni ba wanda ya waiwaye mu, mu kuma muna gida muna cewa an saye su. Daga baya na gane ba sayen kowa aka yi ba, mu ne muka kai ƙarar da ba mu da shaida a kanta.

Wani malami da ke koyarwa a ABU, muna sallah tare da shi, shi ya zaunar da ni wata rana ya min bayani. Yace eriyoyin da ke can sama ba ƙasa suke harbawa ba, gaba suke turawa can nesa kamar yadda in ka ɗaga tocila sama ka haska gabanka ƙafarka tana cikin duhu, shi yasa wanda gidansa ke gindin ƙarfen abin da yake samu kaɗan ne ƙwarai. Yace wayar da kake mannawa a kunne ta fi kusa da jikinka nesa ba kusa ba, kuma in sabis ya yi rauni wayar ƙara ƙarfi take yi don ta kamo, wato wanda yake nesa da ƙarfe wayarsa ta fi ta na kusa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2006 ta ce ba a samu gamsasshiyar hujja ba cewa siginar waɗannan ƙarafuna na cutar da mutane. Gaskiya ne a 2011 sashenta mai binciken cutar kansa ya sa irin wannan sigina a rukunin abubuwan da ake cewa mai yiwuwa ne su kawo cutar, amma abin da suka fi dubawa shi ne masu daɗewa da waya a kunne, ba maƙwabtan ƙarfe ba. Ban gaya maka wannan don in raina tsoron iyayenmu mata ba, wallahi tsoro ne na gaske, duk wanda yake da ƙananan yara a gida dole gabansa ya faɗi in ya ga an dasa masa abin da bai sani ba a ka. Amma in kun gina ƙararku a kan wannan za ku faɗi, kuma za ku bar ainihin abin da zai dame ku.

Ainihin damuwar a ƙasa take, ba a sama ba. Janareta ne. Kai ma ka san halin wutarmu, don haka injin nan dare da rana yake, in ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa. Namu sun jingina shi da katangar dattijuwar nan, bututun hayaƙin yana kallon tagar ɗakinta. Na taɓa shiga gaishe ta da yamma, na zauna a kan tabarma na jingina da bango, sai da na ji bangon yana rawa a bayana, kwanukan da ta jera a saman kabad suna ta ƙara ƙas ƙas ƙas ba tsayawa, labulen tagar kuwa ya yi baƙi ta gefe ɗaya. Ta ce min ɗan nan ni rabona da barcin kirki tun ranar da suka kunna abin nan. Da damina ta shigo sai ga na biyu, jikarta ta jawo guga daga rijiya ta kawo min a roba ta ce Baba duba, ruwan nan samansa yana wani ƙyalli kala kala, ka sunsuna ka ji warin gas. Ashe duk lokacin da tanka ta zo juye mai, ko makanikai suka canja baƙin mai, a ƙasa yake zuba ruwan sama ya tafi da shi. Rijiyar nan gida huɗu ke ɗiba.

To a nan ne muka sake lale. Muka sayi tef na magina muka auna daga gindin ƙarfen zuwa katanga, muka ɗauki hoto da bidiyo da daddare yadda za a ji ƙarar, muka ɗura ruwan rijiyar a gora muka rubuta ranar da aka ɗiba. Ka riƙe wannan da kyau: ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta 2009 ta ce a bar tazarar mita 5, ita kuma dokar hukumar kare muhalli ta tarayya, wato NESREA, ta 2011 kan kayan sadarwa ta ce mita 10 daga katangar gidajen mutane, har hukumomin biyu sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan bambanci. Ku dai ku riƙe mita 10 ɗin a takardarku, ku bar su su yi bayanin dalilin da zai sa a rage. Sannan ba a kafa irin wannan gini sai da izinin hukumar tsara birane, a jiharmu KASUPDA ke nan, ga kuma KEPA mai kula da muhalli, sannan ana buƙatar rahoton yadda aikin zai shafi muhalli da mutanen wurin. Haƙƙinku ne ku ce a nuna muku waɗannan takardu, cikin ladabi, ba da faɗa ba. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, yawancin ƙarafunan nan yanzu ba na kamfanin layin wayarka ba ne, akwai kamfanoni daban da sana'arsu ke nan, su kafa su ba masu layi haya, ƙarfe ɗaya sai ka ga layi biyu ko uku a kai. Mu sai da muka ɓata sati biyu muna zarya ofishin da ake sayar da sim, alhali ba ruwansu. Ku duba allon da ke jikin shingen, ko ku tambayi injiniyan da ke wurin sunan mai ƙarfen da lambar wurin.

Yanzu maganar kansila. Gaskiya kansila ba shi da ikon hana kafa ƙarfe, ciyaman ma ba shi ke ba da izinin ba, duk wanda ya ce maka zai hana da baki kawai yana neman ƙuri'a ne. Amma kar ka ce ba amfani. Takardarmu ta biyu ta bi ta hannun mai unguwa ya sa hatimi, ta je wa dagaci da hakimi, kansila ya ɗauke mu da kansa ya kai mu sashen lafiya na ƙaramar hukuma, su suka turo duba-gari ya zo ya leƙa rijiyar ya rubuta rahoto, kuma wannan rahoton na duba-gari shi ne takardar da ta sa aka fara ɗaukar wayarmu. Ka fara tabbatar da ƙaramar hukumar da kuke ciki ma, don mu duk Zariya muke cewa amma Samaru da Muciya da su Hanwa Sabon Gari ne, cikin ganuwa da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur Tukur su ne ƙaramar hukumar Zariya mai gundumomi 13. Duk takardar da kuka kai ku yi kwafi biyu, a buga muku sitam a ɗaya ku dawo da ita gida.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk wannan wahalar shi ne ranar da wani ma'aikaci a sakatariya ya tambaye ni, yace Malam unguwarku wa ke wakiltarta a kwamitin ci gaban gunduma? Na yi shiru. Ashe akwai kwamitin da ke zama a kan asibitin sha-ka-tafi na gundumarmu, akwai na makarantar firamare da ake ce wa SBMC, akwai zaman da ake kira a tattara buƙatun al'umma kafin a yi kasafin kuɗi, duk ana yi, kujerarmu ce kawai ba kowa a kai, don ba a biyan ko sisi kuma kowa yana ganin ɓata lokaci ne. Mu ba ma taruwa sai abu ya ɓaci, mu yi hayaniya kwana uku mu watse. Da muna da mutum ɗaya da aka saba ganin fuskarsa a can, da tun kafin a haƙa ramin nan wani ya raɗa masa. Tun daga lokacin na shiga kwamitin gundumarmu, aikin sa kai ne, man mashin ɗina nake ƙonawa, wani zaman a kan benci a barandar asibiti ake yi ka jira awa ɗaya kafin mutane su cika, wani lokacin ka dawo ranka a ɓace. Amma ta nan na san wa ake gani in kwalbati ta toshe, wa ake kira in taransifoma ta ƙone, kuma yanzu in na shiga ofis ba sai na fara da gabatar da kaina ba. Ga shi tun Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko ma yaya aiwatarwar take tafiya, wurin nan bai kamata a bar shi ga 'yan siyasa su kaɗai ba, ana buƙatar irinku masu karatu da jini a jika ku riƙa zama ana yi da ku.

Za ka so ka ji ƙarshen namu. Ba a cire ƙarfen ba, yana nan har gobe. Amma an matsar da janareta daga jikin katanga zuwa ɗaya gefen, an kawo mai rufi wanda ƙararsa ba ta kai ta da ba, an ɗaga bututun hayaƙin sama, an yi wa tankin mai dakali da ɗan bango yadda in ya zuba ba zai bi ƙasa ba, sannan suka haƙa borehol suka fito da famfo waje saboda rijiyar dai ta riga ta lalace, ba a ƙara sha ba sai wanki. Akwai waɗanda har yau suke ganin mun sayar da unguwa tunda ba mu dage sai an tumɓuke ba. Ina girmama ra'ayinsu amma ban yarda ba. Mu ɗin nan ne in POS ya ƙi tafiya muke tsaki, kowa ya tuna wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 yadda mutum zai tsaya a gaban mai shago tiransifa ta maƙale, kuma 'yan uwanmu na wajen Giwa da Birnin Gwari sun ga yadda rayuwa take da aka rufe sabis a 2021 saboda tsaro, mutum sai ya yi tafiya kafin ya kira ɗansa. Ba za mu ce muna son sabis amma a kai ƙarfen bayan gidan wani ba. Abin da za mu ce shi ne a kafa shi bisa ƙa'ida, kar a cuci wanda ke kusa.

Maganar tara matasa kuwa don Allah ka cire ta a ranka. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, yaro ya taɓa waya ɗaya ko ya fasa shinge sai ku koma zaryar beli, a manta da rijiya da hayaƙi gaba ɗaya. Kuma kar ku mai da maƙwabcin naku abokin gaba. Namu mai filin kusan shekara ba a gaisawa da shi, har ɗaurin auren 'yarsa wasu suka ƙi zuwa, abin da nake nadama ke nan har yanzu, don mutumin nan kuɗin haya ya gani ga iyali ga tsadar rayuwa, bai san janareta zai zama haka ba. Ku je da dattawa biyu ku same shi a zaure, ku nemi ya nuna muku yarjejeniyar, shi ne ma ya fi kowa ƙarfin da zai sa kamfani ya saurara tunda filinsa ne.

Ku kun fi mu sa'a tunda ba a zuba kankare ba tukuna, yanzu ne ake iya cewa a matsa da ramin, a sa injin ta gefen titi, a tambaye su ko za su haɗa da sola da batir don injin ya riƙa hutawa, a tabbatar an sa abin kare tsawa da jan fitilar sama, kuma duk abin da aka amince a rubuta mai unguwa ya sa hannu. Gobe da safe kafin leburori su zo ka samu tef ka auna daga ramin zuwa katangar da ta fi kusa da kuma rijiyar da ta fi kusa, ka rubuta. Ina da kwafin takardarmu ta biyu har yanzu, in kana so ka min magana in turo maka ku canja abin da ya kamata, ranar da za ku sakatariya kuma in Allah ya sa ba ni da aiki zan raka ku.