Kuɗin fansar jirgi da ake nema a wajenka, Alhaji

Alhaji, na karanta saƙonka. Ka ce kwantenarka ta taso daga Chana, 'yan fashin teku suka tare jirgin wajen Somaliya, mai jirgi ya biya fansa aka sako shi, yanzu kaya sun iso Apapa amma an ƙi sakar maka sai ka sa hannu a takarda ka ajiye wani kaso, kana tambaya ko ba zalunci ba ne tunda kai ba ka yi ciniki da ɓarayi ba.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi, doka tana bayansu. A dokar teku duk kuɗin da aka kashe don ceto jirgi da kayan cikinsa daga halaka, asara ce ta tarayya, mai jirgi da masu kaya kowa zai ɗauki rabonsa gwargwadon darajar dukiyarsa da ta tsira. Duba bayan takardar lodinka, galibi za ka ga an ambaci ƙa'idojin York da Antwerp, su ake bi wajen lissafin. Kuma mai jirgi yana da ikon riƙe kaya har a ba shi jingina.

Batun cewa biyan fansa laifi ne don haka babu ruwanka, wannan hujjar ba za ta kai ka ko'ina ba in dokar Ingila ce ke kan kwangilar, kotunsu ta ɗaukaka ƙara ta faɗa a 2011 cewa ba haramun ba ne. Abin ma tsoho ne, Amurka tana sabuwar jamhuriya 'yan Aljeriya suka dinga kame mata jiragen kasuwanci, majalisarta ta yi doka a 1794 a ƙera jiragen yaƙi 6, amma duk da haka a 1795 sai da ta yi yarjejeniyar biyan kuɗi don karɓo mutanenta, kuma bayan yaƙi da Tarabulus ta Libiya a 1805 ta sake biyan dala 60,000.

To yanzu abin yi, fara da inshora. Inshorar kayan jirgi akwai ta A da ta B da ta C, in irin ta A ka yanka, ta haɗa da fashin teku, kamfanin inshorar ne zai ba da garanti kai sa hannu kawai za ka yi. In ta B ko C ce akwai matsala, domin fashi ba ya ciki, daga aljihunka za ka ajiye kuɗin, ka tabbata an ba ka rasit na musamman kada ka yar da shi, da shi za ka karɓi ragowa in lissafi ya fito.

Kar ka bar kayan suna cin kuɗin ajiya a tasha saboda fushi, wallahi nan ne mutane suka fi yin asara. Ka sa hannu ka rubuta cewa ba ka yafe haƙƙinka na ƙalubalantar lissafin ba. In daga baya ya bayyana jirgin bai cancanci tafiya ba tun farko saboda sakacin mai shi, kana da hujjar ƙin biya, a Najeriya kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke jin irin wannan ƙara.