Me ya sa wasu Jamusawa suka ƙi Marlene Dietrich?

Ka tambayi dalilin da ya sa aka yi mata ihu a ƙasarta. Siyasa ce, ɗan'uwa.

Marlene Dietrich 'yar fim ce kuma mawaƙiya. An haife ta a Berlin a 1901, ta fara da wasan dandamali, sai fim ɗin Der blaue Engel na 1930 ya fito da ita, ta wuce Hollywood. Gwamnatin Hitler ta yi mata tayin komawa gida, ta yi ƙememe ta ƙi. A 1939 ta zama 'yar Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta sa kaki tana rera wa sojojin Amurka waƙa har bakin daga. Ni a ganina jarumta ce, amma da ta je Berlin a 1960, wasu sun ɗaga kwalaye suna kiran ta maci amana. A Paris ta rasu a 1992, aka binne ta a Berlin.