Amsar Kawu kan allon 'yan tuwis da ka tsinto

Ɗana, na ga saƙonka da hoton allon nan mai zanen masu rawa da ka tsinto cikin shirgin marigayi kakanka, kana tambaya wai wace rawa ce wannan, al'adarmu ce ko ta aro, kuma ko ya dace ka kafa shi ɗakin da za a kawo maka amarya tunda yanzu tsohon kaya ake yayi. To zamna ka ji.

Rawar tuwis ce. Dubi ƙafar namijin, dunduniya a sama yatsu a ƙasa yana murzawa kamar mai kashe kunama, gwiwa a lanƙwashe, ita macen tana gabanshi tana nata kuma ba wanda ya taɓa wani. Daga Amurka ta fito, wani Chubby Checker ne ya cika duniya da ita a 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai, mu kuwa nan Nijar ta hannun Faransa ta iso mana, a faifan su Johnny Hallyday. Wandon ma shaida ne, ka gan shi matsattse har idon sawu da takalmi mai tsinin baki, to wannan kafin zuwan wando mai faɗin ƙafa ne da sumar James Brown, su sai wajen 1970 suka rufe gari. Abin da ke gefe da ka ce akwati, turne-disk ne, na'urar kunna faifai mai cin pil wato batir. Irin allunan ga masu fentin alamar shago ke yin su a kan katako da fentin mai, teloli da masu aski ke sa a yi musu don kiran samari, kakanka kuwa ka san tela ne, har rigar da ke jikin macen ina zaton tallar ɗinkinshi ce.

Al'adarmu ce? A'a, kar wani ya ruɗe ka. Tamu dandali ce, 'yan mata su yi gaɗa da farin wata, mai kalangu ya kama take, saurayi na gefe ya shigo ya yi liƙi ya koma. Kiɗa kuma na masu gadonshi ne, ɗan da ba maroƙi ba in aka gan shi da ganga sai an kai ƙara gidansu. Tuwis da ca-ca-ca da pacanga na Kuba da rumbar Kwango ta su Franco duk kayan 'yan lakkwal ne da ma'aikata, musamman akawun Dahome (Benin ta yanzu) da Togo da suka cika ofisoshi da kantunan gyaɗa wancan lokaci, su ne masu faifai, su ke shirya bal daren Asabar a zuba ruwa a tsakar gida don ƙura a jera kujeru, mu yara muna leƙe ta kan katanga har aka fara barin mu shiga in mun kawo kuɗin pil. Da shugaba Jori Hamani ya sallami 'yan Dahome ƙarshen 1963 kan rigimar tsibirin Lete, faifai da yawa a hannun 'yan gari suka tsaya, wasu saye wasu bashin da ba a dawo biɗa ba, daga nan abin ya zama namu sosai.

Kuma tsoffi ba su so, amma ba ɗaya suka ɗauke su ba. Rumba da ake riƙe ƙugu ita ce abin faɗa, wannan in labari ya kai zaure ka shiga uku. Tuwis tunda ba taɓa jiki sai dai a ce yaran ga sun haukace, iyayenmu mata har kwaikwayonmu suke a madafa suna dariya. Duk da haka ɗiyar gida ba ta zuwa bal, wannan kam babu, wadda ka gani a allo mai fenti ne ya ƙago ta ko ya kwafo daga kwalin faifai.

Yadda tuwis ta mutu kuwa ba mutum ɗaya ya kashe ta ba. Yayi dama ba ya daɗewa, amma a Maraɗi kuɗin gyaɗa ke riƙe da shagalin, da farin 1973 zuwa 1974 ya zo wa ke ta pil ana biɗar hatsi. Sai Kunce ya hau a Afrilun 1974 ya tada samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, aka maida ƙarfin samari ga aikin gayya da wasannin gargajiya da gasar jihohi, wanda jiya ke murza ƙafa da takalmi mai tsini sai ga shi da walki da gurumi yana wakiltar unguwa. Kaset ta kori faifai, fim ɗin Indiya ya ɗauke zuciyar 'yan mata, daga baya wa'azi ya yi ƙarfi a gari, da yawa cikin gwanayenmu yanzu su ne a sahun gaba kuma in ka tuna musu sai su ce ba su ba ne. Ni dai na yi, gwiwata ma ta san na yi.

Batun kafawa ɗakin amarya, nan ne nake so ka natsu. Bangon wannan ɗaki ba naka ba ne. Kai naka gini da rufi da ƙofa, jere na dangin amarya ne, gwaggonninta da yayyenta su ke zuwa su auna su tsara, da can tasoshi da kwanoni da fayafayi ake jerawa har sama, yanzu labule ne da kabad, amma hukuncin bai sake ba. Su iso su tarar ango ya riga su buga ƙusa, kuma da hoton mace da gajerar riga, wallahi sai maganar ta kai Tibiri kafin la'asar. Ko a zamaninmu irin wanga allo ɗakin samari yake zama ko shago, abin da ake ratayawa cikin gida almanaka ce ta Ka'aba ko ta shehunai. Ga kuma salla, ɗakin da za ku dinga yin ta ba a son surar mutum a ciki balle a bangon gabas, hadisin mala'iku da hoto ka san shi, sauran bayani ka tambayi malaminku.

Amma kar ka yar, kar kuma ka saida wa masu yawon sayen tsohon kaya, za su ba ka jika biyu su wuce da shi. Kai shi shagonka ka kafa inda rana ba ta bugu. Kar ka wanke da ruwa fentin zai ɓare, tsumma busasshe ya isa, ka duba bayan katakon ko gara ta shiga, in da hali mai gilas ya rufe maka shi. Kuma kafin ka fitar da shi daga gidan ka shaida wa baffanninka, kayan gado ne ko da ba wanda ya kula da shi, ranar da suka ji yana da kuɗi kowa zai tuna ubanshi ne. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganar lefe ina nan tahe ranar Juma'a.