Fim ɗin Kodachrome na akwatin Baba: kalar ta tafi, amma kada ka yi garaje

Malam, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce ka tarar da fim ɗin Kodachrome guda huɗu a akwatin marigayi mahaifinka, an ɗauka ba a wanke ba, kana neman inda za a wanke maka su da kalarsu. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ciwon nan na san shi, ni nawa bakwai ne.

Gaskiya ɗaya ce: kalar ba za ta samu ba. Lokacin da Kodak suka sanar a watan Yunin 2009 cewa sun daina yin Kodachrome, fim ɗinsu na silaid mai kala, wuri ɗaya tal ya rage a duniya mai wankin K-14, wato wankin da ke fito da kalarsa, Dwayne's Photo da ke Parsons a jihar Kansas ta Amurka, su ma ƙarshen Disambar 2010 suka daina karɓa. Duk wanda ya ce maka "kawo, fim ai fim ne", ka riƙe abinka.

Ni fa na san da wa'adin nan, shi ya sa abin ke ci mini rai har gobe. A watan Oktoban 2010 na haɗa Kodachrome 64 (lambar saurin ɗaukar haskensa ke nan) guda bakwai a ambulan, na rubuta adireshin da manyan baƙaƙe, na sa kuɗin wanki da na gidan waya, na ba wani da nake kira aboki da zai je Amurka. Aikinsa kawai ya jefa a gidan waya. Ya ce in ɗauka an gama. Biyu daga cikin finafinan nan hotunan mahaifiyata ne, zaune kusa da taga da hantsi, hasken ya kwanto mata a gefen fuska, tana yi mini faɗan in daina ɓata fim a kanta. Bayan wata biyar da ɗaukar ta rasu. Na kira mutumin nan a Nuwamba ya ce gobe. Na kira a farkon Disamba, wai hidima ce ta yi yawa. Daga nan ya daina ɗagawa, ni kuma na yi ta yi masa uzuri a raina, ina cewa ƙila ya aika ne ya manta bai faɗa ba. Sai a Fabrairu ya dawo, ya zaro ambulan ɗin daga aljihun gefen jakarsa, salatif ɗin da na liƙa da hannuna ko ɓantarewa bai yi ba, kusurwa ɗaya ce ta lanƙwashe. Ya miƙo mini yana murmushi, wai to sai a kai wani wurin mana. Wani wurin! Ban ce masa uffan ba. Muna gaisawa har yau, amma ko alƙalami ba na ba shi ajiya.

Sai na ƙara wa kaina wani. Cikin ruɗewa na kai guda biyu wurin wani mai wankin hoto, ya rantse mini ya sha wanke irinsu. Ya zuba su a ruwan E-6, na wasu finafinan silaid irin su Ektachrome na Kodak da Velvia ta Fuji. Leda ya miƙo mini, babu ko inuwar mutum, ga baƙin abu ya manne ko'ina, kuma wai in biya shi sinadarin da na ɓata masa. Kodachrome ba shi da kala a jikinsa, baƙi da fari ne hawa uku, a wurin wanki ake shigar da launin kowane hawa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan E-6 sai ya cinye azurfar da hoton ke ciki, ba launin da zai tsaya a madadinta, shi ke nan hoto ya tafi. Baƙin nan kuma shafen da ke bayan fim ɗin ne, sai an cire shi daban. Allah ya taimake ni na mahaifiyata ba sa ciki.

Abin da ya rage maka shi ne a wanke su baƙi da fari. Ana yi, na yi wa huɗu daga cikin nawa. Ka nemi wanda ke wanki da hannu, ka tambaye shi yadda zai yi da baƙin shafen nan. In ka ga ya yi maka zuru, ka ƙara gaba. Kuma ɗaya za ka fara bayarwa, ba duka ba. Za su fito da hazo da ɗan rawaya-rawaya, sai an sa a sikana an gyara, amma fuska dai za ka gane ta. Kafin nan ka sa su a leda mai zif ka ajiye a firij, kada zumuɗi ya sa ka ja harshen fim ɗin waje.

Ni har mamakin masu kukan Kodachrome nake yanzu, alhali mu muka gudu muka bar shi. Da Velvia ta fito a 1990 da kalolinta masu ihu, ga wankin E-6 a yini ɗaya, wa zai zauna jiran gidan waya makonni? Ni ma na bi ayari. Kodachrome 25 ya tafi muna kallo, aka rufe ɗakin wankin Lausanne na Suwizalan a 2006, sai da aka ba shahararren mai ɗaukar hoto Steve McCurry naɗin ƙarshe sannan kowa ya tuna yana son sa. Ektachrome E100 da ya dawo a 2018 yana da kyau, ina ɗauka da shi, amma jan nan mai nauyi da yadda Kodachrome ke fitar da fatar mutum, babu su.

Af, ka sake bincika akwatin nan da kyau. Mutumin da ya bar fim huɗu ba a wanke ba, da wuya a rasa wankakkun silaid a 'yan firam ɗin kwali. In ka same su ka yi babbar sa'a, don a duhu Kodachrome na daɗewa kalarsa ba ta koɗe ba. Hasken majigi ne ba ya so, kada ka bar hoto ɗaya a kan fitila ana ta hira. Wajen sikan kuma ka kashe abin share ƙura mai amfani da hasken infrared, yana cinye gefunan hoto, kuma za ka ga ya ja shuɗi, gyarawa ake yi.

Na ce huɗu na wanke, ciki har da ɗaya na mahaifiyata, ta fito a hoto tara. Ɗayan yana firij har yanzu, na kasa. Ka duba jikin gwangwanin naka ka gaya mini abin da aka rubuta, 25 ne ko 64 ko 200, kuma K-14 ne ko K-12, wankin da ya gabace shi, sai in gaya maka lokacin da na ba nawa a ruwa.